Gorar Hajja

Sabangali, Njamena
4 ga Agusta, 1997

Zuwa ga ƙanena Junaidu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kamar yadda muke nan. Baba yana gaishe ka. Gwaggo Hansai ma haka, ta ce a tambaye ka ko makarantar koyon jinyar taku ba ta ba da abinci ne, don hoton da ka aiko ba a ganin komai sai wuya da kunnuwa. Maigidana Alamin ya tafi Mundu saro kaya. 'Yata Sharifa ta yi mura ta warke. Ruwa kam muna shan sa, kogi ya fara leƙo bayan gidaje.

Abin da ya sa na rubuto shi ne an sa ranar aikin idon Baba, Litinin mai zuwa. Daktor ya duba ya ce yanar idon ta nuna, idon dama zai gyaru da yardar Allah. Na hagu ka san labarinsa, tun da mai maganin nan na kasuwa ya tsokane shi da allura bai sake tashi ba. Wato ido ɗaya ya rage wa Baba, Junaidu, shi kuma za a sa wa wuƙa.

Shi gogan naka ko a jikinsa. Ya ce ranar da ya fara gani zai sallame ni daga karanta masa wasiƙunka, wai ya daɗe da gane ina tsallake layi in ka yi wauta. Babban burinsa dai Sharifa. Ka san yanar ta rufe kafin a haife ta, kowa ya zo sai ya ce ta yi kama da marigayiya Inna, shi kuwa yana cewa ba zai karɓi shaidar kowa ba sai ya gani da kansa.

Gwaggo da jin an ce wuƙa ta sauko da gorar Hajja daga saman kabad. Ta zaunar da mu ta sake ba mu labarin daga farko kamar ba mu haddace ba: kakanmu ya baro Katsina da ƙafa zai je Makka, ya tsaya Forlami, wato Njamenar yau, neman guzuri, guzuri ya zama gida da jikoki, sai matarsa Hajja ce ta ƙarasa masa tafiyar bayan rasuwarsa, ta dawo da Zamzam a gorar ƙarfen nan. Ruwan ya ɗan ragu tun sunan ɗan 'yar'uwarmu Zaliha, sai ta cika ta daga randa yadda aka saba. Ta ce da ita za ta tafi labtan, ko in ce asibiti, tunda yanzu ka zama ɗan Najeriya.

Ka yi mana addu'a. Lukumanu direba zai kawo maka wannan da ɗan yaji.

Yayarka,
Ummukulthum


Maiduguri
7 ga Agusta, 1997

Yaya Ummu,

Wa alaikumus salam. Na samu wasiƙarki da yajin, na gode. Ina lafiya. A gaishe da Baba da kyau, a ce wa Gwaggo kunnuwan nan na gado ne, ta duba madubi.

Da ba don jarrabawar ƙarshe ta matso ba da kin gan ni a ƙofar gida. Tunda ba hali, ki yi haƙuri ki karanta wannan a natse. Aikin yanar ido ba ya ba ni tsoro, hannun da ya saba minti kaɗan yake yi. Kwanakin bayansa su ne abin tsoro. Idon da aka yanka ƙofa ce a buɗe, abin da lafiyayyen ido zai wanke da hawaye shi yana iya kashe shi. A ɗakin da nake koyon aiki na ga wanda aikinsa ya yi kyau, ya ƙirga yatsun likita yana dariya, mako bai zagayo ba idon ya cika da mugunya.

Na san mutanen Sabangali. Duk unguwa za ta zo dubiya, kowa ya ba Baba hannu, a yi addu'a, ya shafa a fuska. Ki roƙe shi ya riƙa shafawa a gemu da ƙirji har ya warke. Ki tafi da sabulunku da butarku da tsummanku, kada ki ari na kowa, kada ki ba da aro. Ki lura ko mai wankin idon yana wanke hannu in ya baro wani gadon. Kada baƙon hannu ya ɗaga bandejin, kuma kada a sa masa komai a ciki sai abin da likita ya rubuta.

Na san za ki ce karatu ya yi min yawa. Ki faɗa, amma ki yi.

Ƙanenki,
Junaidu


Njamena
13 ga Agusta, 1997

Likitan gidanmu,

Gaisuwa da fatan alheri. Kowa lafiya, kuma albishirinka: Baba ya gani.

Jiya da hantsi anfirmiye, nas ɗin ɗakin, ya kwance fansema, wato bandejinka. Baba ya yi ta ƙifta ido, can sai ya ce, "Ummu, ashe kin yi ƙiba haka?" Duk ɗakin aka kwashe da dariya. Na ɗago masa Sharifa. Ya daɗe yana kallonta, ita ma ta zuba masa ido tana tsotson yatsa. Gwaggo ta ce, "To, Malam Buba, da wa ta yi kama?" Ya ce hasken labtan ba abin yanke hukunci ba ne, sai ya ƙara kallo a tsakar gida. Hawaye ya zubo masa, anfirmiye ya yi faɗa ya mayar da fansema. Ni ma na fita bayan ɗaki na yi nawa.

Dokokinka duk na bi. Sabulu na ajiye shi a inda anfirmiye zai yi tuntuɓe da shi, don ban ga fuskar da zan ce wa namiji mai farar riga ya wanke hannu ba. Ya gane, ya harare ni, amma yana wankewa. Famfo ɗaya ne ga dukan masu jinya, can gindin bishiya inda muke girki, shi ya sa nake tafasa namu. Wata ta kawo kwalli wai yana ƙara haske, na ce ta mayar da abinta. Baba yana shafa addu'a a gemu, yana cewa ɗansa ya sauya masa mazhaba.

Baƙon hannu bai taɓa shi ba. Gwaggo ce kaɗai, safe da yamma in anfirmiye ya fita, take ɗan ɗaga gefen fansema ta tsoma auduga a gorar Hajja ta ɗiga masa da bisimilla. Matar Malam Abdulmutallib, wani dattijo daga unguwar Abena da ke gadon kusa, ta gani ta tambaya da Larabci, da ta ji Zamzam ne ta kama hannun Gwaggo tana roƙo. Yanzu rabin ɗakin na jiran zuwanta. Ta zama daktor ta biyu, har tafiyarta ta sauya. Audugar ma ba ta yarda a yar, cikin murfin gorar take mayar da ita don kada albarka ta zube.

An ce Asabar za a sallame mu. Ka kwantar da hankalinka ka yi karatu.

Yayarka,
Ummukulthum


Maiduguri
16 ga Agusta, 1997

Yaya,

Ina lafiya, ina gaida kowa. Ki ajiye abin da ke hannunki ki karanta.

A daina sa ruwan gorar nan a idon Baba yau, yanzu, ko da an koma gida. Da na ce kada a sa komai, komai nake nufi. Ban ce Zamzam ba shi da albarka ba, Allah ya tsare ni. Amma ki tsaya ki yi tunani, Yaya. Tun kafin a haife ni ake ƙara wa gorar nan ruwa daga randar da kowa ke tsoma moɗa. An tsoma yatsa an ɗiga wa jarirai, an shafa wa leɓen masu cikawa, ba a taɓa juye ta an wanke ba. Abin da ke ciki yau ruwan randarmu ne da ya kwana shekaru a ƙarfe. Ga kuma auduga ɗaya tana yawo daga ido zuwa ido, ta kwana a murfi, ta koma. In mutum ɗaya a ɗakin nan yana da ciwo, an raba wa kowa.

Zan faɗa miki yadda ba za ki iya tausasa shi ba: Gwaggo za ta makantar da Baba da hannunta, da shi da mutanen da suka roƙe ta.

Ki ɗauki gorar ki kai wa likita, ki gaya masa duk abin da aka yi da waɗanda aka yi wa. In idon ya yi ja, ko zafi ya ƙaru, ko Baba ya ce hasken ya fara dushewa, kada ki jira gari ya waye. Na je gidan waya na gwada lambar shagon Alhaji Imrana, layin bai shiga ba. Na roƙi Lukumanu ya ba ki wannan hannu da hannu.

Junaidu


Njamena
20 ga Agusta, 1997

Junaidu,

Muna gaishe ka. Wasiƙarka sai jiya ta iso, hanyar Gamboru ta lalace.

Ban san a Maiduguri har da rashin kunya ake koya muku ba. Gwaggo ce ta yi maka wankan jarirai, daga gorar nan aka fara ɗiga maka ruwa a baki kafin ka san nono, ga ka nan da ranka har kana rubuta mata wannan. Da wane baki kake so in karanta? A gabanta aka miƙo min takardar, ga 'yan dubiya zaune. Na karanta gaisuwa, na ce kana cikin jarrabawa shi ya sa ta yi gajarta, na ninke na sa a zani.

Na gama faɗan. Yanzu ga abin da ke hana ni barci.

Ba a sallame mu ba. Tun ranar Juma'a idon ya yi ja, fatar ta kumbura. Baba mai dauriya ne, ka sani, amma ya ce kamar an zuba masa yashi mai zafi, kuma abin da yake gani ya koma kamar ta cikin hayaƙin girki. Na Malam Abdulmutallib ma ya fara. Daktor ya sauya magani, yana yi musu allura. Yau da safe ya tsaya a kanmu ya tambaya da Faransanci, ya sake da Larabci, ko an sa wani abu a idon. Gwaggo tana tsaye kafaɗa da kafaɗa da ni. Ita a wurinta Zamzam ba wani abu ba ne da za a ambata, shiru ta yi da zuciya ɗaya. Ni da na karanta wasiƙarka na buɗe baki na ce a'a.

Yanzu kayan aikinsu yake zargi. Mun ji shi yana yi wa anfirmiye tsawa a kan tafasa almakashi, bawan Allah ya fito idonsa jawur, kuma shi ne mai wanke hannu da sabuluna.

Jiya na faki idon Gwaggo na mayar da gorar gida, na ce a yi mata wurin da ya fi tsabta. Da la'asar ta hau mota ta ɗauko abarta, ta ce yanzu da idon ya yi ja ne ya fi bukata. An yi wa wasu sababbi aiki shekaranjiya, matansu har sun fara zuwa gaishe ta.

Ka ce in gaya wa daktor. Ka san me kake cewa? In tsaya a tsakiyar ɗaki in ce yayar ubana ce. 'Ya'yan Malam Abdulmutallib ƙarti ne, kuma mu a garin nan ko mun shekara ɗari Hausawa ne, baƙi. Za a ce mun makantar musu da uba. Gwaggo kuwa ban san ko za ta tashi daga wannan ba, gorar nan ita ce abin da uwarta ta bar mata.

Wataƙila ma almakashin ne. Kai ɗalibi ne, ba ka gama ba. Don Allah ka rubuto ka ce min kana iya yin kuskure.

Ummukulthum


Maiduguri
23 ga Agusta, 1997

Yaya Ummu,

Ina gaishe ki da jinya, Allah ya ba da lada. Yaya jikin Baba?

Lafazin da na yi a kan Gwaggo ki yafe min, tsoro ne ya rubuta shi. Ina iya yin kuskure, kuma ba abin da nake roƙon Allah kamar ya zama na yi. Amma ko almakashin ne, likita yana bukatar ya sani. Yanzu yana neman ɓarawo a ɗaki alhali ƙofar baya a buɗe take. Bai san waɗanda aka ɗiga wa ba, ba zai duba su ba sai sun kumbura, ido kuwa in ya kumbura an riga an makara.

In ba za ki iya a gaban Gwaggo ba, ki bi shi ofis ki rufe ƙofa. Ki ce ni na sa ki. Ki ce wa mutanen Abena ma ni ne, in na zo su yi da ni. Ban san yadda zan sa ki ji nauyin abin nan daga nesa ba, Yaya. Littafi na buɗe a gabana tun safe, ban wuce shafin da na fara ba.

Junaidu


Maiduguri
1 ga Satumba, 1997

Yaya,

Gaisuwa. Shirun ya yi yawa. Kullum ina tasha, 'yan kamasho har sun daina amsa min sallama. An ce motoci sun kafe a laka wajen Dikwa, wani kuma ya ce ya ga Lukumanu a Kusiri. Ban san wanda zan gaskata ba.

In fushi kike yi, ki yi, amma ki sa ko Zaliha ta rubuto min layi ɗaya. In kuma wani abu ne ya faru kuke ɓoye min saboda jarrabawa, wallahi ɓoyewar ta fi cutar da ni. Idan mako ya ƙare ban ji komai ba zan bar jarrabawar in taho, ko da ƙafa, ai mun gada.

Junaidu


Sabangali, Njamena
8 ga Satumba, 1997

Ƙanena Junaidu,

Assalamu alaikum. Muna gida. Alamin ya dawo, Sharifa lafiya. Wasiƙunka biyu tare suka iso, duk sun sha laka. Ba fushi nake ba. Na ɗauki biro ya fi a ƙirga ina ajiyewa.

Idon Baba ya tafi. Na fara da shi don kada ka yi ta gudu a kan layuka kana nema.

Washegarin ranar da na rubuta maka waccan, bayan azahar, 'yan dubiya sun watse, daga ni sai Gwaggo a bakin gado. Baba yana kwance na ɗauka barci yake. Sai ya ce, "Ummu, wasiƙar Junaidu kin ce gajera ce." Na ce e. Ya ce, "Amma na ji kin juya takarda kafin ki ninke. Ɗauko ki karanta min, har inda kika tsallake."

Na karanta, Junaidu. Duka, har layin nan. Ban ɗaga kai ba. Na gama na ninke takardar. Can Gwaggo ta ce, "Yaron nan ya ce har da na mutane?" Na ce haka ya ce. Ta kwance murfin gorar, ta fito da audugar ta duba, ta kai hanci. Ban san abin da ta ji ba. Ta gyara mayafi, ta rungumi gorar kamar jariri, ta ratsa tsakiyar ɗakin. Na bi ta ina cewa ta bari ni in je. Ta ce, "Ke kika ɗiga?"

Da bakinta ta gaya wa daktor, da Larabcinta na kasuwa, ba ta rage komai ba. Na zaci zai yi tsawa. Ya dafe kai kawai, sannan ya ce, "Zo ki nuna min gadajen." Ta shige gaba yana bin ta, tana tsayawa tana nunawa da hannu, kowa na kallo. Ban taɓa ganin tafiya mai tsawon wannan ba. A ranar aka buɗe idon duk wanda ta nuna, aka fara musu magani. Sababbin nan sun tsira, an sallame su suna gani. Malam Abdulmutallib yana rarrabe mutum da bango, ba ya wuce haka. Babban ɗansa ya faɗa mana maganganun da ba zan rubuta ba, ban kuma ga laifinsa ba. Daktor ya ba anfirmiye haƙuri a gabanmu. Yanzu an hana masu jinya ɗaga fansema, an ajiye bokiti da sabulu a ƙofar ɗakin.

Na Baba ya riga ya yi nisa. Sun yi iya yinsu, zafin ya kwanta, hasken bai dawo ba. Na bi daktor na tambaye shi ko da na faɗa ranar da ya tambaye ni da an cece shi. Ya ce Allah ne masani. Da ma ya yi min ƙarya ya ce a'a. Wannan tambayar da ita nake kwana, da ita nake tashi.

An dawo mana da gorar, an juye an tafasa. Gwaggo ta mayar da ita saman kabad ba komai a ciki. Ba ta cin abin kirki, ba ta fita ko suna. Kullum da safe takan zo ƙofar ɗakin Baba ta gaishe shi daga waje, sai ya ce, "Yaya Hansai, shigo mana, ai ba na ganin fuskar da kike ɓoyewa." Wani lokaci ta shiga. Ka rubuto mata, ita kaɗai, zan karanta mata ba tare da na tsallake ko na ƙara ba.

Baba ya ce kada ka kuskura ka bar jarrabawa, in ka zo ba takarda ba zai amsa gaisuwarka ba. Ya ce kuma in ka fara aiki ka riƙa yi wa tsofaffi rashin kunyarka da wuri, tun tana da amfani.

Na tambaye shi maganar Sharifa, tunda kallon tsakar gidan bai samu ba. Ya ce kallo ɗaya ya ishe shi, ja mana rai kawai yake yi. Wai duk mun yi ƙarya, ba ta ɗauko Inna ba ko kaɗan, kai ta ɗauko, har kunnuwan.

Jiya da yamma na fito daga madafa na same ta zaune a cinyarsa, yana bin fuskarta da yatsu a hankali, daga goshi zuwa haɓa. Buta da sabulu suna gefensa. Sai da ya sa ta kawo masa ya wanke hannu tukuna.

Yayarka,
Ummukulthum